Tsatsa a Jikin Iri: Ɓarnar Oksijin, Sinadaran Homon da Rashin Haihuwa a Wurin Maza

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ma'aurata a matsayin masu matsalar haihuwa idan suka shafe wata 12 suna saduwa a kai a kai, ba tare da wata dabarar hana ɗaukar ciki ba, amma ciki bai samu ba, kuma rahoton da ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na baligan duniya yana gamuwa da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. Abin da likitocin fannin suka daɗe da tabbatarwa, wanda har yanzu bai zauna a zukatan jama'a ba, shi ne cewa a kusan rabin irin waɗannan gidaje akwai matsala daga ɓangaren namiji, ko dai ita kaɗai ko kuma haɗe da ta matar. Duk da haka a ƙasar Hausa mace ake fara kaiwa asibiti ko wurin mai magani, ita ake kira juya, ita ake yi wa kishiya, alhali gwajin da ya fi sauƙi da araha, wanda ba ya buƙatar allura ko tiyata, shi ne na mijin. Tushen wannan rashin adalci shi ne haɗa abubuwa biyu da suka bambanta, wato ƙarfin namiji a shimfiɗa da ingancin irin da yake ɗauke da shi, domin mutum yana iya zama lafiyayye ƙarfafa a wajen iyalinsa amma irinsa ya kasa kaiwa ga ƙwan mace.

Maniyyin da ido yake gani galibinsa ruwa ne da wasu jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara, tare da ƙullun da ake kira furosteti, suke samarwa, su kuwa ƙwayoyin haihuwar da ake ƙerawa a cikin 'ya'yan maraina ba su wuce kashi 5 cikin 100 na yawansa ba, kuma ba a ganin su sai da madubin likita. Saboda haka kaurin maniyyi ko tsinkewarsa, wanda mutane suke yawan kafa hujja da shi, ba ya faɗin wani abu tabbatacce. Littafin awon maniyyi na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fara bugawa a 1980 kuma bugunsa na shida ya fito a 2021, ya kawo ƙananan ma'aunan da ake kwatanta sakamako da su: ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, ko miliyan 39 a jimlar abin da ya fita, kashi 42 cikin 100 suna motsi, kashi 30 suna tafiya gaba sosai, kashi 4 kuma suna da cikakkiyar siffa. An samo waɗannan alƙaluma ne daga mazan da matansu suka sami ciki a cikin shekara guda, don haka ba katanga ce tsakanin mai haihuwa da marar haihuwa ba, sai dai duk lokacin da sakamako ya sauka ƙasa da su damar samun ciki tana raguwa. A wurin maza da yawa ana ganin raguwar amma gwaje-gwajen da aka saba yi ba sa nuna dalilinta, kuma neman wannan ɓoyayyen dalili ne ya kai masana ga iskar da kowa yake shaƙa.

Iskar oksijin, wadda rai ba ya ɗorewa sai da ita, tana da ɗabi'ar cin abin da ta taɓa. Ita ce take sa ƙarfe tsatsa, ita ce take rina farin goro ya koma ja bayan an ɓara shi, ita ce kuma take sauya wari da ɗanɗanon man gyaɗan da ya daɗe a buɗe. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wasu ƙananan gaɓoɓi da ake kira maitokondiriya, waɗanda suke aiki kamar murhu, suna ƙona abinci da oksijin domin samar da kuzari, kuma kamar kowane murhu ba ya rasa tartsatsi. Wannan tartsatsi wasu sinadarai ne da suka samo asali daga oksijin, irin su sufa'oksaid da haidirojin faroksaid, masu saurin far wa kitse da furotin da DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado. Jiki yana da masu kashe tartsatsin, wasu shi yake ƙera su, kamar katalas da gulutatayon, wasu kuma daga abinci yake samun su, kamar bitamin C da bitamin E. Idan tartsatsi ya fi ƙarfin masu kashe shi, sai a shiga yanayin da masanin nan na Jamus, Helmut Sies, ya raɗa wa suna a 1985, wanda za a iya kira ɓarnar oksijin ko tsatsar jiki.

Alaƙar wannan ɓarna da irin namiji ta girmi sunan nata. Tun a 1943 John MacLeod na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya lura cewa ƙwayoyin maniyyin ɗan Adam suna saurin daina motsi idan aka ajiye su a cikin oksijin mai yawa, kuma idan aka zuba musu katalas, wanda yake wargaza haidirojin faroksaid, motsin yana daɗewa. A 1987 John Aitken da abokin aikinsa a Edinbara suka nuna cewa ƙwayoyin da kansu suna fitar da tartsatsin, kuma marasa inganci sun fi masu inganci fitar da shi. Daga baya aka gano cewa ɗan kaɗan daga cikinsa wajibi ne, domin da shi ƙwayar take kammala shirinta a cikin jikin mace, ta ƙara ƙarfin kaɗa wutsiya, ta kuma iya huda rigar ƙwai. Matsayinsa ke nan kamar na gishiri a miya, kuma wannan batu zai sake tasowa idan aka zo maganar magani.

Babu wata ƙwaya a jikin namiji da wannan ɓarna ta fi samun sauƙin kamawa kamar ƙwayar maniyyi, kuma dalilin yana cikin ƙirarta. Domin ta yi sauƙin tafiya, tana zubar da kusan duk ruwan cikinta kafin ta bar maraina, kuma a cikin ruwan nan ne sauran ƙwayoyin jiki suke ajiye masu kashe tartsatsi da kayan gyara, don haka sai ta fito tamkar matafiyin da ya bar guzuri a gida domin kada kaya su yi masa nauyi. Fatarta kuma cike take da wani irin kitse mai laushi wanda yake ba ta damar lanƙwasa da narkewa a jikin ƙwai, sai dai shi ne kitsen da oksijin ya fi saurin lalatawa, kuma idan ɓarnar ta kama a wuri ɗaya takan bi ta yaɗu kamar wutar daji, fatar ta sandare, wutsiya ta yi sanyi. Ragowar da wannan ƙonewa take bari, wadda ake kira malondayaldihaid, ita ce masu bincike suke aunawa a maniyyi domin sanin girman ɓarnar. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne karyewar zaren DNA da ke cikin kan ƙwayar, domin ƙwaya mai karyayyen zare tana iya yin iyo lafiya, ta kai ga ƙwai, ciki ya shiga, sannan aikin gyara ya koma kan ƙwan mace, wanda yake iya ɗinke ƙaramar ɓaraka amma babba takan gagare shi. Bincike ya danganta yawan karyewar nan da ɓarin da yake maimaituwa, kuma wannan magana ce da ya kamata ta isa kunnen duk gidan da ake ɗora wa mace laifin zubewar ciki ba tare da an taɓa duba mijinta ba.

Garkuwar da ta rage wa ƙwayar ita ce ruwan da take iyo a ciki, wanda yake ɗauke da zinki da katalas da bitamin C mai yawan da ya ninka na jini sau da dama. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1991 ya nuna ƙarfin wannan garkuwa, inda aka rage bitamin C a abincin wasu maza daga miligiram 250 zuwa miligiram 5 a rana, sai alamar lalacewar DNA a ƙwayoyinsu ta kusan ninkawa, da aka mayar musu da shi kuma ta sauka.

Sai kuma ɓangaren homon, wato sinadaran da wata gaɓa take sakawa a jini domin isar da umarni ga wata gaɓa da ke nesa. Umarnin ƙera iri daga ƙwaƙwalwa yake farawa, a wani sashe da ake kira haifotalamus, wanda yake sakin homon mai suna GnRH duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu. Gano tsarin wannan homon yana cikin aikin da ya sa Andrew Schally da Roger Guillemin suka sami lambar Nobel a 1977. Saƙon yana sauka ga fituwitari, wani ƙullu mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya saki homon biyu, LH da FSH. Na farkon yana zuwa ga ƙwayoyin Leydig, waɗanda Franz Leydig ya bayyana a 1850, ya umarce su da ƙera testosteron, sinadarin da yake kawo gemu da kaurin murya da sha'awa. Na biyun yana zuwa ga ƙwayoyin Sertoli, waɗanda Enrico Sertoli ɗan Italiya ya bayyana a 1865, su ne kuma masu reno, suna rungume da ƙananan ƙwayoyin iri suna ciyar da su har su nuna. Maraina ma suna mayar da rahoto sama, domin idan testosteron ya wadata a jini ƙwaƙwalwa takan rage LH, idan kuma reno yana tafiya daidai ƙwayoyin Sertoli sukan saki inhibin B wanda yake rage FSH. Wani abu da ya kamata a riƙe shi ne cewa testosteron da ke cikin maraina ya ninka na jini sau 50 zuwa 100, kuma wannan na cikin gida ne ƙirar iri take buƙata.

A cikin ƙwayar Leydig ne igiyoyin biyu, ɓarnar oksijin da homon, suke ƙulluwa. Ana ƙera testosteron daga kolestarol, kuma matakin farko na ƙirar yana faruwa ne a cikin maitokondiriya, wato a bakin murhun da tartsatsi yake tashi, bayan wani furotin mai suna StAR ya shigo da kolestarol ɗin ciki. Sinadaran da suke sarrafa shi su ma suna yoyon tartsatsi yayin aiki, don haka ƙwayar Leydig tana zaune ne a cikin haɗarin sana'arta, kamar maƙeri a gaban zuga. Idan tartsatsin ya yi yawa, aikin StAR yana raunana, kolestarol ya kasa shiga, testosteron ya ragu ko da LH yana isowa da yawa. Binciken da aka yi a kan tsofaffin ɓeraye a Jami'ar Johns Hopkins ya nuna raguwar testosteron tana tafiya tare da raunin masu kashe tartsatsi a waɗannan ƙwayoyi. Lamarin kuma yana juyowa, domin idan testosteron na cikin maraina ya yi ƙaranci reno yana taɓarɓarewa, ƙwayoyin iri su fito ba su gama nuna ba, da ragowar ruwa maƙale a wuyansu, kuma irin waɗannan ɗanyun ƙwayoyi ne suka fi fitar da tartsatsi, su ƙone kansu su kuma ƙone lafiyayyun da ke kusa da su. Mafi yawan hujjar wannan zagaye daga dabbobi da ɗakin gwaji ta fito, a jikin mutane kuwa abin da aka fi gani shi ne matsalolin biyu suna zuwa tare, amma wannan ma ya isa ya nuna cewa duba ɗaya a bar ɗaya rabin aiki ne.

Abubuwan da suke hura wannan wuta sanannu ne, kuma da yawansu suna da magani. Na gaba-gaba shi ne barikosil, wato kumburin jijiyoyin da suke kwashe jini daga maraina, wanda galibi yake fitowa a hagu, ana jin sa a hannu kamar hanjin kaza idan mutum yana tsaye, kuma dabam yake da gwaiwa. Ana samun sa a kusan kashi 15 cikin 100 na maza baki ɗaya, amma a cikin masu neman haihuwa yakan kai kashi 35 zuwa 40. An halicci maraina a wajen ciki ne domin su kasance ƙasa da zafin jiki da digiri 2 zuwa 4, shi kuwa jinin da ya taru a kumburarrun jijiyoyi yana ɗumama su yana kuma rage musu sabon jini, sai tartsatsi ya ƙaru, ƙwayoyin Leydig su raunana. Zafin sana'a ma yana da irin wannan tasiri, kamar na masu gidan burodi da direbobin doguwar tafiya. Na biyu shi ne cutar da ta shiga hanyoyin maniyyi, domin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne mayaƙan jiki, da tartsatsin oksijin suke kashe ƙwayoyin cuta, kuma abin da suke fitarwa ya ninka na ƙwayar maniyyi nesa ba kusa ba. Idan suka haura miliyan ɗaya a mililita ana ɗaukar hakan alamar da za a bincika. Kalmar sanyi a bakin jama'a ta haɗiye cututtuka barkatai, amma waɗanda likita yake nufi a nan su ne gonoriya da kalamidiya da kumburin furosteti, sai kuma tsargiya, wadda ta zama ruwan dare a garuruwan da ke bakin madatsun ruwa da fadamu, kuma ana samun ƙwayayenta a cikin maniyyi tare da fararen ƙwayoyin jini masu yawa.

Ƙiba tana kai hari ta fuska biyu, domin kitse yana ɗauke da wani sinadari mai suna aromatas wanda yake juya testosteron ya koma istirojin, homon ɗin da ya fi yawa a jikin mata, shi kuma ya sa ƙwaƙwalwa ta rage LH, sannan kitsen ciki yana riƙe jiki a cikin wani ɗan kumburi na dindindin mai ƙara tartsatsi. Ciwon suga da shan taba sigari suna bin wannan sahu. Cutar sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, tana haɗa ɓarnar oksijin mai yawa da toshewar ƙananan jijiyoyi, shi ya sa ƙarancin testosteron da raunin iri suke da yawa a cikin mazan da ke da ita. Gubar dalma, wadda ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, tana rage yawan ƙwayoyin maniyyi da ingancinsu a jikin manya, kuma masu niƙa dutsen ma'adini da masu fasa tsohon batir suna cikin waɗanda suka fi haɗuwa da ita. Akwai kuma tiramol da kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Dukansu daga dangin da suke danne GnRH suke, don haka saurayin da yake shan tiramol domin ya daɗe a shimfiɗa yana rage umarnin ƙera irinsa tun daga ƙwaƙwalwa.

Kuskure mafi tsada a wannan fage shi ne allurar testosteron. Mutum yakan ji an ce sinadarin mazantakarsa ya yi ƙasa, sai ya nemi allura ko man shafawa a kantin magani, kuma lalle zai ji ƙarin kuzari da sha'awa, amma ƙwaƙwalwa tana ganin testosteron ya cika jini sai ta tsayar da LH da FSH, na cikin maraina ya faɗi warwas, ƙirar iri ta tsaya. Tasirin yana da ƙarfin da har Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar a matsayin hanyar tsarin iyali ta maza, a wani bincike da aka wallafa a 1990, inda yawancin waɗanda aka yi wa ita duk mako suka wayi gari babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsu. A mafi yawan mutane irin yana dawowa bayan an daina, sai dai yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Haka abin yake ga sinadaran da wasu masu ɗaga ƙarfe suke sha domin tara tsoka.

Awon homon yana da amfani ne idan mai karanta shi ya san harshensa. Ana ɗaukar jinin testosteron da safe saboda a lokacin ne ya fi yawa. Idan FSH ya yi sama ƙwarai alhali ƙwayoyi sun yi ƙaranci, ma'anarsa ƙwaƙwalwa tana kira amma maraina ba sa amsawa, kamar yadda yake faruwa ga wasu da hangum ya sauka musu a maraina bayan balaga, ko waɗanda aka haifa da larurar Klinefelter. Idan LH da FSH da testosteron duka sun yi ƙasa, matsalar daga sama take, wataƙila saboda yawan homon ɗin furolaktin ko wata ƙwaya da ake sha, kuma wannan rukuni yana cikin waɗanda magani ya fi yi wa aiki. Awon ɓarnar oksijin kuwa bai zama na yau da kullum ba, domin littafin 2021 ya ajiye shi a sahun gwaje-gwaje na musamman, ko da yake Ashok Agarwal da wasu masana sun ba da shawara a 2019 cewa a ware masu wannan matsala a matsayin rukuni mai zaman kansa.

Hankali zai ɗauka cewa tunda tartsatsi ne matsalar, haɗiyar masu kashe shi ita ce mafita, kuma a kan wannan zato aka gina babbar kasuwa ta ƙwayoyin gyaran maniyyi. Manyan gwaje-gwaje ba su mara wa zaton baya yadda 'yan kasuwa suke so ba. A 2020 an wallafa wani bincike na Amurka da ya ƙunshi ma'aurata 2,370, inda aka ba rabin mazan zinki da folik asid kullum har wata shida, aka ba sauran ƙwayar da babu magani a cikinta, kuma yawan haihuwa bai bambanta ba, kashi 34 da kashi 35 cikin 100. Wani gwajin na 2020, mai maza 174 da aka ba gaurayen bitamin da makamantansu, shi ma bai ga sauyi a ingancin maniyyi ba. Nazarin da cibiyar Cochrane ta yi a 2022, wanda ya tattara gwaje-gwaje 90, ya ga alamar ƙaruwar haihuwa amma ya bayyana hujjar da cewa mai rauni ce. Wuce gona da iri ma yana da illa, tunda ƙwayar tana buƙatar ɗan tartsatsinta domin huda ƙwai, kuma wani babban gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 2011 ya nuna cewa shan bitamin E mai yawa kullum ya ƙara haɗarin sankarar furosteti da kashi 17 cikin 100. Wanda abincinsa ya gaza zai amfana da lemo da gwaba da tumatir da zogale da garin 'ya'yan kuka, amma wanda barikosil ko tsargiya ko taba take hura masa wuta ba zai kashe ta da ƙwayar bitamin ba matuƙar itacen yana cikin murhu.

Hanyar da ta fi inganci tana farawa ne da awon maniyyi bayan ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7, a kai shi ɗakin gwaji cikin awa guda, sannan likita ya duba maraina da hannu, a auna homon idan sakamako ya nuna buƙata, a kuma duba matar a lokaci guda domin kada shekarun haihuwarta su tafi a jira. Daga nan sai a bi sanadin: a ɗaure jijiyar barikosil idan ta kai a ji ta a hannu kuma maniyyi ya raunana, a magance cuta ga miji da mata tare, a rage ƙiba, a daidaita suga, a bar taba da tiramol. Inda duk wannan bai wadatar ba, akwai dabarar da aka fara cin nasararta a Beljiyam a 1992, ta cusa ƙwaya ɗaya tak a cikin ƙwai da siririyar allura, sai dai tana tsallake matsalar iyo ne kawai, ba ta ɗinke karyayyen DNA. Duk matakin da aka ɗauka kuma yana buƙatar lokaci, domin ƙera ƙwayar maniyyi yana ɗaukar kimanin kwana 74, ga kuma ƙarin kwanakin da take yi tana nuna a bututun da ke bayan maraina, shi ya sa zazzaɓi mai zafi yake iya ɓata sakamakon awo har bayan makonni, shi ya sa kuma ba a yanke hukunci da awo ɗaya. Mutumin da ya ajiye taba a daren farko na azumi, awon da zai nuna masa amfanin hakan shi ne wanda za a yi bayan Babbar Salla.